Ranar da Doyle Stancil Ya Shiga Gaba

A tarihin garinmu na Tillery ba a taɓa haihuwar mutumin da ya kai sunanmu idon duniya kamar Doyle Stancil ba. Sau biyu aka nuna shi a talabijin, kuma duka biyun tayoyin motarsa suna kallon sama.

Shekara tara ya yi yana tseren mota a manyan filaye, daga nan jihar Karolaina har kudancin jihar Jojiya. Ni lissafi na koyar a makarantar garin har na yi ritaya, don haka alƙalumansa ba su ba ni wahala ba: ya shiga tsere ɗari da goma sha biyu, bai ci ko ɗaya ba. Mafi kyawun abin da ya taɓa yi shi ne zuwa na tara, ranar da motoci goma suka ƙarasa, ta goman ma turo ta aka yi. Abin da ya fi wannan ban mamaki, cikin dubban zagayen da ya yi babu guda ɗaya da aka rubuta cewa shi ne a gaba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ko bisa kuskure mutum yakan tsinci kansa a gaba idan sauran sun tsaya shan mai.

Shi kuwa yana da bayani, kuma yakan ba da shi kyauta kowace safiya a shagon abincin da ke bakin shataletalen kotu.

"Malam, kai boko ne ya ɓata ka," in ji shi. "Gaba ai ta wawaye ce. Na gaba shi ke fasa iska, na baya ya sha inuwa. Ni laɓewa nake yi, sai zagayen ƙarshe in fito."

"To me ya hana ka fitowa, Doyle?"

"Tseren ne ke ƙarewa da wuri."

Da ya bar tsere, bai bar motar ba. Tana nan a rumfar bayan gidansa, ja ce mai lamba arba'in da bakwai a jiki, kamar yadda ta baro fili: ƙofofi an yi musu walda, tagogi babu gilashi, fitilun gaba kuwa hoto ne aka manna. Kuma kamar kowace motar tsere a wannan yanki, an gina ta ne don hagu. Filayenmu kamar ƙwai suke, ana zagaya su hagu, hagu, sai kuma hagu, har a ɗaga tuta. Sauran direbobi sun ɗauki wannan a matsayin sana'a. Doyle ya ɗauke shi aƙida.

Shi ya sa ya sha wahalar haɗiye labarin da 'yarsa tilo, Nadine, ta zo da shi, cewa za ta auri Lamar mai raba wasiƙu. Akwatunan wasiƙa a hannun dama suke, hanyar Lamar duk dama ce, har sitiyarin motar aikinsa a dama yake.

"Mutumin da ke tsayawa sau ɗari huɗu a rana," in ji Doyle, "kuma ba wanda ya tare shi!"

Amma ya amince, har ya ɗora da albishir: shi zai kai amarya coci da kansa, a cikin Arba'in da Bakwai, garin nan ya ga abin da bai taɓa gani ba.

Matarsa Ozella ce ta ba ni labarin yadda aka kwashe a ɗakin girki. Nadine ta ajiye cokali, ta ce, "Baba, ranar da aka yi mini baftisma ina kake?"

"Ai kin san Asabar ɗin nan akwai..."

"Ranar da na gama sakandare fa?"

"Wannan karon saura ƙiris in zo na goma sha biyu."

"To ji nan. Na yarda zan shiga motarka, don na san ba za ka bar mu mu yi barci ba. Amma ɗaurin aure ƙarfe biyu ne. In ƙararrawar coci ta buga ban tsaya a bakin ƙofa ba, Kawu Harlan ne zai riƙe hannuna ya shiga da ni. Kai ka zauna a baya tare da masu tsaron yara."

Doyle ya yi dariya, amma Ozella ta ce ba ta kai ciki ba. A nan, uban da yake raye, lafiyarsa lau, aka ga wani ya taka da 'yarsa zuwa gaban fasto, to magana ce da za ta riga shi shiga kabari ta jira shi. Balle a ce Harlan ne, ƙanen Ozella, wanda ya yi masa bakanike shekara tara yana gyara abin da ya fasa, kuma har yau bai gaji da lissafawa ba.

Harlan ɗin ne ya leƙa ƙarƙashin motar ana saura mako guda, ya fito yana share hannu a hankali.

"Doyle, wannan ƙarfen da ka ɗaure a jikin sitiyari na mene ne?"

"Tun karon ƙarshe da na yi da katanga take 'yar rawa zuwa dama. Na toshe wajen."

"Ka toshe dama."

"Na rage mata hanyar ɓata."

"To coci a ina yake daga gidanka?"

"Mil ɗaya."

"Ta wane hannu?"

Doyle ya zaro takarda daga aljihu ya baje ta a kan bonet, kamar janar. Ya zana hanya: a wuce masaƙa, a yi hagu a tsallake layin dogo, a yi hagu a gonar taba, a wuce maƙabarta, hagu a tsohon gidan mai, sai ga ka a ƙofar coci ta baya. Mil bakwai, babu dama ko guda.

"Wannan shi ake kira ilimi," in ji shi. "Hagu uku ai dama ce, ga mai haƙuri."

Harlan ya dube shi, ya dubi takardar, ya tafi ya kai kwat ɗinsa wajen mai guga.

Doyle ya gwada hanyar ranar Talata, ya sake gwada ta ranar Alhamis, duka biyun lafiya lau. Ranar Asabar aka ɗaura auren.

Matsalar farko ita ce shigar da amarya. Motar da ba ta da ƙofa ta taga ake shiga, ƙafa a gaba, kuma wanda ya tsara wannan bai yi tunanin rigar aure mai yadi goma sha huɗu ba. Gwaggonni uku ne suka yi aikin: biyu suna tura, ɗaya tana cusa rigar kamar ana ɗura auduga a katifa. A ciki Doyle ya ɗaure kujerar ɗakin girki da noti a gefen tasa. Ya miƙa mata hular kwano.

"Baba, tun ƙarfe bakwai nake wajen gyaran gashi."

"Doka ce."

"Dokar wa?"

Ya mayar da hular. Shi dai ya sa tasa a kan baƙar kwat ɗin haya.

Matsala ta biyu, Arba'in da Bakwai ba ta tashi sai an tura, kuma in ta tsaya ta mutu. Maƙwabta shida suka tura ta cikin kayan coci. Da ta kama, kajin unguwar suka yanke shawarar barin gari. Ayari ya bi baya: Harlan da Ozella a akori-kura, sai motocin gwaggonni da na 'yan rakiya.

Kowa a Tillery, har jariri, ya san cewa ranar Asabar da ɗaya da rabi jirgin ƙasa mai ɗaukar katako yana wucewa, tarago casa'in, cikin natsuwar wanda ba a jiransa a ko'ina. Doyle bai sani ba. Asabar ɗinsa duk a filin tsere ya yi su. Ya iso inda zai yi hagunsa ta farko ya tarar da katako yana rarrafe daga gabas zuwa yamma. Tsayawa ba ta yiwuwa, dama a toshe take, don haka ya miƙe. Titin masaƙa kuwa in ka miƙe a kansa zurarewa yake yi cikin shataletalen kotu, sumul, ba sai ka juya ba. Fita ce ke da sharaɗi. Tituna uku ne ke barin shataletalen, har da na coci, kuma kowanne dama ce sosai, irin ta kusurwar tebur.

Ina zaune a gaban shagon abinci da wasu tsofaffi, mun yi shiri muna shan shayi mai ƙanƙara kafin mu taka zuwa coci. Agogon kotu ya ce biyu saura ashirin da biyar. Sai ga rugugi, sai ga jar mota, mayafin amarya yana kaɗawa ta taga. Muka ɗaga huluna. Ta wuce bakin titin coci. Muka ce ko gaisuwar gari ce. Ta dawo, muka sake ɗaga huluna. A karo na uku muka bar hulunan a kai.

Injin yana da ƙara, amma Nadine 'yar mawaƙan coci ce, muryarta ta fi shi. Duk zagaye muna samun rabonmu na hirar.

"Baba, ga titin coci nan!"

"Na gan shi!"

"To shiga mana!"

"Sai zagaye na gaba!"

Suka ɓace bayan kotu, suka sake ɓullowa.

"...ka ce sai na gaba!"

"Ina nazarin kwanar!"

Harlan ya gane tun a zagaye na biyu, ya fice ya ajiye akori-kura a gabanmu. Gwaggonni ba su gane ba. An ce musu su bi motar amarya, kuma su mata ne masu cika umarni. Motar burodi ta shigo ta rasa ta inda za ta ratsa. Wani manomi ya shigo da tarakta yana jan ganyen taba. Grady, ɗan sandan garin, ya shigo da jiniya don ya tsayar da Doyle, ya samu kansa na goma sha ɗaya a layi, bayan wata gwaggo da ba ta taɓa ba kowa hanya ba tun da ta koyi tuƙi.

"Doyle Stancil!" in ji Grady ta lasifika. "Tsaya da sunan doka!"

"In na tsaya ta mutu!"

"To ta mutu mana!"

"Kai ka taɓa tura ta?"

Labari ya kai coci. Mutanen da suka zauna tun ɗaya da kwata suna fifita suka ga babu dalilin da zai sa a bar su a baya, suka gangaro duka, fasto a ƙarshe yana riƙe da littafinsa. Kafin biyu saura kwata, bakin shataletalen ya cika da jama'a cikin kayan ado. Kuma mutanenmu in suka ga motoci suna zagaye hagu, jikinsu ya san abin yi ko da hankalinsu bai yarda ba. Wani ya fara ƙirga. Wani ya yi fito. Mai shagon ya fito da kujeru.

A nan ne abin ya lalace da gaske. Na ga fuskar Doyle lokacin da ya wuce a zagaye na goma sha huɗu. Ya dubi madubi, ya ga motoci reras a bayansa. Ya dubi gefe, ya ga gari guda yana kiran sunansa. Daga wannan lokacin bai ƙara kallon titin coci ba. Ya gyara zama, ya kwantar da kai hagu, ya fara ɗaukar kwana ta ciki kamar mai abin karewa.

A matsayina na malamin lissafi dole in faɗa cewa a cikin da'ira gaba da baya ra'ayi ne. Layin ya yi tsawo har hancin Doyle ya kusa taɓa ganyen tabar da ke wutsiya. Mai kallo da adalci zai iya cewa tarakta ce ke gaba. Doyle ya ce ratar zagaye guda cur zai ba ta.

Lamar ango ya iso da gudu, sai ya tuna cewa ango ba ya ganin amarya cikin rigarta kafin a shiga coci, in ba so yake ya jawo wa aurensa tsiya ba. Ya juya wa shataletalen baya, ya fuskanci bangon kantin magani, yana magana da shi.

"Nadine! Kina lafiya?"

"Lamar, kada ka juyo!"

"Ban juyo ba! Yallaɓai, don Allah, ka ɗan taka birki!"

"Ji mai tsayawa yana koya mini tuƙi!" in ji Doyle, ya wuce.

Fasto ya tako bakin titi ya ɗaga hannu, irin ɗagawar da ke sa coci guda ya yi tsit. Doyle ya ɗaga masa nasa, cikin ladabi.

"A bar shi mai ya ƙare," in ji wani.

"Ni na ga ya cika tanki," in ji Harlan. "Na mil ɗari biyu ne." Yana faɗa yana ɓalla maɓallan kwat ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, yana motsa baki. Na matsa kusa na ji abin da yake bita: "Ni da mahaifiyarta. Ni da mahaifiyarta." Amsar da uban amarya ke bayarwa ke nan idan fasto ya tambayi wanda ya ba da ita.

Ozella tana tsaye a gefenmu tun da ta sauko daga akori-kura. Shekara ashirin da shida tana auren mutumin nan, tara daga ciki a kan bencin 'yan kallo. Ta dubi agogo, biyu saura takwas. Ta dubi teburinmu.

"Malam, ɗaga kofinka."

Na ɗaga. Ta fizge mayafin teburin, mai gida-gida baƙi da fari, ta ɗaure shi a sandar tsintsiyar shagon, ta cire takalmanta masu tsini, ta hau benci.

"Ozella, ɗan sanda ya kasa, fasto ya kasa..." in ji Harlan.

"Su ba su san yarensa ba."

Da jar motar ta ɓullo daga bayan kotu, ta kaɗa mayafin sama da ƙasa, kamar yadda ake kaɗa tutar ƙarshe ga wanda ya ci tsere. Shekara tara Doyle yana ganin wannan tuta daga nesa, an riga an gama kaɗa wa wani, mai riƙe da ita yana shirin naɗewa. Ya saki wata kuwwa da ban taɓa jin irinta a bakin baligi ba. Jama'a suka amsa. Ya fito da hannu ta taga, ya ci gaba da tafiya.

"Me kuma yake yi?" in ji fasto.

Ozella ta sauke tsintsiyar. "Zagayen murna. Na manta da shi."

A zagaye na talatin da ɗaya ya kashe inji daidai gaban bencin. Shiru ya sauko har kunne yana ƙara. Grady ya faɗa mini daga baya cewa a duk tsawon lamarin gudun bai wuce mil ashirin da biyu a awa ba, ya rasa ma laifin da zai rubuta.

Fitar da amarya ya fi shigar da ita sauri, don wannan karon da kanta ta yi, ba ta tausaya wa rigar ba. Gashin da aka fara tun ƙarfe bakwai duk ya koma gefe guda. Gefen rigar ya yi baƙi da hayaƙi. Doyle ya zuro ta tasa tagar, ya cire hular kwano, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Kun gani? Malam, ka ƙirga? Talatin da ɗaya, daga tuta zuwa tuta! Na ce muku sai zagayen ƙar..."

Ya yi taku biyu. Ƙafafunsa ba su samu labarin cewa an gama tsere ba. Suka ɗauke shi hagu, suka ƙara hagu, suka kai shi cikin furannin da matan coci suka shuka a gindin kotu, ya zauna a tsakiyarsu ƙafa a sama, kamar yadda muka saba ganinsa a talabijin.

Dariyar da aka yi ba ta da kyau a faɗa. Shi ma ya fara yi, sai ya ɗaga kai ya ga agogo, ya ga Harlan ya tako gaban Nadine ya lanƙwasa mata hannu. Ya bar dariyar. Ya yunƙura zai tashi, ƙasa ta sake juyawa da shi.

Nadine ta dubi hannun kawunta. Ta dubi ubanta cikin furanni.

"Kawu, saura nawa?"

"Minti uku."

"To har yanzu nasa ne."

Ta tattare yadi goma sha huɗu a hannu guda, ta shiga cikin furannin, ta cafko shi da ɗayan.

"Tashi, Baba."

"Nadine, garin ne ke..."

"Na sani. Jingina da ni. In ka yi hagu, ni za ka tarar."

Ta tsaya a hagunsa kamar katanga, ta karkata shi da kafaɗa ta shigar da shi titin coci. Wannan ita ce dama ta farko da aka ga Doyle Stancil ya yi a bainar jama'a, kuma ba da son ransa ba. Suka hau gangaren, amarya tana jan ubanta, gari guda yana biye, Lamar ya bi ta lungu da gudu tafin hannu a kan ido yana karo da shara.

Gaskiya ita ce agogon kotu ya buga biyu suna tsakiyar hanya, kuma Harlan ya yi gyaran murya don kowa ya shaida. Amma sharaɗin Nadine ƙararrawar coci ce, mai jan igiyar kuwa yana cikinmu a baya, ya tsufa, kuma ya ga babu wani dalilin sauri. Sai da ƙafarta ta taka dokin ƙofa ya isa wurin igiyarsa.

Suka shiga a hankali, ana kaɗa molon coci, akwai ganyen fure a kafaɗar kwat ɗin haya. Fasto ya tambaya wa ya ba da wannan mace. Muka shirya jin tarihin tsere. Doyle ya buɗe baki, ya rufe, ya ce, "Ni da mahaifiyarta," da wata murya ƙarama da ba mu san yana da ita ba. Ya ɗora hannunta a na Lamar, har ya ɗan bubbuga kafaɗar mai tsayawa.

Saura ya juya ya zauna, babu mai riƙe shi. Coci ya ɗauke numfashi. Harlan ya matso da ƙafa, ko za a buƙaci a tare shi. Doyle ya juya tsaf, sau ɗaya, ba tangaɗi, ya zauna kusa da Ozella kamar wanda ya yi shekaru yana bita.

A cocinmu dangin amarya a hagu suke zama.